Ƙauyen da Nake Sake Ginawa Duk Ranar Kasuwa

Kafin in zama mai rubuta manhaja, na yi shekaru ina karanta sanarwa a wani ƙaramin gidan rediyo a Tasawa. Yawancinta ta ɓatan dabbobi ce, sai rasuwa, sai ɗaurin aure. A can na koyi cewa idan za ka ambaci makiyayi, sunan gari ba ya wadatarwa. Sai ka ce wane, mutumin ardo kaza, wanda a bana yake zaune a gonar wane, gabas da rijiya kaza. Jimla ɗaya takan ɗauki abu biyu, wanda mutum yake bi da inda yake kwana, kuma ban taɓa jin mai sauraro ya rikice ba.

Daga baya na tafi Maradi na yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda a wajenmu kowa ke ce wa ordinater. Aikin farko da na samu na wata ƙungiya ce mai tallafa wa makiyaya, a bironta, wato ofishinta, na Mayahi. A bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare kuma ruwa bai sauka ba, ƙungiyar kan sayar da dusa da angurya a sassauƙan farashi. Ba a ba kowa sai mai karti, wato katin rajista, karti kuwa ordinater ke bugawa. An ɗauke ni na rani ɗaya, in gyara manhajar in tafi.

Biron ɗaki biyu ne. Na gaba na shef ne, wato shugaban biron, da sakatariya, na ƙurya nawa ne da baturan hasken rana. Tagar ɗakina tana da ƙarafa, kuma kullum a rufe take don kada yashi ya shiga na'ura. Akwai fanka, amma idan baturi ya yi ƙasa aka ce a zaɓa tsakaninta da na'urar buga karti, fanka ce ke haƙura. Da azahar nakan ji rigata ta manne da jikin kujera.

Babban biro na Yamai ne ya tsara yadda ake adana bayanai, ya kuma kulle tsarin. Nawa aikin shi ne fuskar da sakatariya ke gani, wato guraben da take cikawa da maɓallan da take dannawa. A tsarinsu kowane gida abu ne guda, mai ɗauke da sunan maigida, da yawan dabbobinsa, da ƙauyensa. Sai dai ƙauyen ba suna ba ne kawai da aka rubuta a gaban gidan. Shi ma abu ne mai zaman kansa, da sunansa, da shugabansa, da kominsa, wato ƙaramar hukumar da yake ciki. Komin kuma tana ɗauke da gundumarta da magazarta, wato siton da mutanenta ke ɗaukar dusa. Kamar kwanukan da ake saka wani cikin wani: ka buɗe gida ka tarar da ƙauye, ka buɗe ƙauye ka tarar da komin, ka buɗe komin ka tarar da magaza.

Don kada sakatariya ta riƙa rubuta sunayen garuruwa da hannu, gari ɗaya ya fito da rubutu iri-iri, aka ce in sa akwatunan zaɓi. Ɗan akwati ne mai kibiya a gefe. Ka danna, sunaye su zubo ƙasa kamar an saki asabari, ka zaɓi ɗaya, asabarin ya naɗe. Kowane akwati sai an ɗaure shi da wani sashe na bayanan, ta yadda abin da ke ciki zai bayyana a akwatin, abin da aka zaɓa a akwatin kuma ya koma ciki.

Ɗaurin akwatin ƙauye bai ba ni wuya ba, domin ƙauye yana jikin gida kai tsaye. Akwatin komin ne ya tsaya mini a wuya. Komin ba ta jikin gida, tana cikin ƙauyen da ke cikin gida, kayan aikin da aka ba ni kuwa igiyarsu taki ɗaya take kaiwa. Na rubuta masa hanyar dalla-dalla, gida, ɗigo, ƙauye, ɗigo, komin. Akwatin ya fito fari fat. Na sauya dabara, ya fito da wani dogon suna na cikin na'ura wanda ba ya nufin kome ga ɗan Adam. Nakan fita bakin ƙofa, inda waya ke ɗan kamawa, in karanta abin da wasu suka rubuta a kan irin wannan matsala, in dawo in gwada, in sake fita. A ƙarshe na yi wa gida wani ɗan aike a cikin rubutun. Duk lokacin da akwatin ya tambayi gida kominsa, ɗan aiken ya shiga ƙauye ya ɗauko ya miƙo. Akwatin ya fara nuna komin daidai. Na bar shi a dushe, ana gani amma ba a iya taɓawa, domin a lokacin ban ga dalilin da zai sa wani ya so sauya komin ba tare da sauya ƙauye ba.

Dalilin ya zo ranar wata kasuwa, a kan amalanke. Dattijo ne Bafulatani, dogo, da malfa da sanda. Amalanken na mai masaukinsa ne, wani manomi na komin da ake kira Sarkin Hausa, nan ƙasar Mayahi, wanda dattijon ke sauka a gonarsa duk rani, shanu su zuba taki, shi kuma ya ba shi hatsi da ruwan rijiya. Sakatariyarmu Babarbariya ce, saboda haka tun daga ƙofa wasa ya tashi.

"Ga bawana ya zo gaishe ni," in ji ta. "Ina nonon da ka kawo wa uwargijiyarka?"

"Yaushe aka fara ba baiwa kujera?" in ji shi. "Tashi in zauna, ki ɗebo mini ruwa."

Ta ɗebo masa ruwan kuwa, tana cewa sadaka ce take yi wa miskini. Sannan ta tambaye shi garinsu. Ya faɗi sunan ardonsa. Ta saki asabarin ƙauyuka, ta sami sunan, ta zaɓa. A Yamai an shigar da kowane ardo da jama'arsa tamkar ƙauye, aka kafa shi a inda ardon yake zaune. Wannan ardo kuwa gidansa a gundumar Tasawa yake. Nan take akwatin komin ya nuna wata komin ta can, magaza ma ta can. Ƙa'ida kuma ita ce, kafin a buga wa karti hatimi, sai ma'aikacin dabbobi ya ga garken da idonsa a wurin allura na komin da magazar take.

Sakatariya ta yi masa bayani. Ya saurara har ta gama, ya ce yana son ganin mai akwatin. Ta leƙo ta kira ni.

Da na gaishe shi, ya ɗan karkata kai, ya ce in sake magana. Ya gane muryar. Ashe na taɓa karanta sanarwar wani bijiminsa da ya ɓace, aka kuma same shi.

"Ɗana, kai ka faɗi sunana daidai a rediyo, da ardona da inda nike," in ji shi. "To mi ya hana wanga akwati?"

Na ce masa akwatin guri ɗaya yake da shi, ba biyu ba. Ya ce shanunsa da safe sai sun taru shi da ƴaƴansa sun ɗaga su da wutsiya kafin su tsaya. Wadda ba ta iya kaiwa rijiya sai an tallabe ta, ita ce za ta taka har ƙasar Tasawa a ƙirga ta? Bai ɗaga murya ba. Na ce ya ba ni zuwa la'asar, ya je ya ci kasuwa ya dawo.

Abin da ya fara zo mini shi ne in buɗe akwatin komin, a iya zaɓa. Na koya wa ɗan aiken nan komawa da saƙo, ba ɗaukowa kaɗai ba: idan aka zaɓi sabuwar komin, ya kai ta inda ya saba ɗaukowa. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Sakatariya ta buɗe gidan dattijon, ta saki asabarin komin, ta zaɓi Sarkin Hausa, magaza ta koma ta Mayahi. Har ta fara yi masa kirari a bayan idonsa, wai bawanta ya ci albarkacinta. Sai ta buɗe jerin waɗanda za su ɗauki dusa a magazarmu, ta ce, "Malam, zo ka ga baƙi."

Jerin ya ƙaru da gidajen da ba mu taɓa gani ba. Duk mutanen ardon nan ne, har da waɗanda ke kwana a gindin magazar Tasawa, har da ardon kansa. Na tsaya ina kallo, sannan na gane. Gidajen ƙauye ɗaya ba kowa ne da kwafin ƙauyensa ba, duka abu ɗaya suke riƙe da shi, kamar gugan mutane da yawa a rijiya guda. Ɗan aikena bai sauya wa dattijon komin ba, domin dattijon ba shi da komin. Ƙauyen ya shiga ya sauya wa, ya kwashe jama'a guda daga wata gunduma zuwa wata ba tare da kowa ya ɗaura kaya ba. Ba mu riga mun buga kome ba. Na mayar da su, na sake dusar da akwatin.

Da dattijon ya dawo da la'asar, shef ya fito da hanya mafi sauƙi. Tun da a gonar mai masaukinsa yake, a rubuta shi a ƙauyen mai masaukin, magana ta ƙare. Mai masaukin ma ya ce shi ya yarda, mai garinsu ba zai ƙi ba. Dattijon ya tambaya ko sunan mai garin ne zai fito a kartin a maimakon na ardo. Aka ce e. Ya ce to a bar shi. Shef ya yi masa bayanin cewa takardar dusa ce kawai, ba ta haraji ba ce, ba ta ƙidayar jama'a ba ce. Dattijon ya ce ya ji, amma a saninsa inda aka rubuta sunan mutum nan ake zuwa nemansa, kuma takarda ba ta tsufa. Ubansa ya yi rani a gonakin Hausawa har ya mutu, ba a taɓa rubuta shi a ƙarƙashin mai gari ba. Idan shi ya yarda bana saboda yunwa, badi ƴaƴansa za su tarar an raba su da ardonsu, ardo kuma zai ji labari a kasuwa cewa mutuminsa ya sayar da shi da buhun dusa.

Sakatariya ta ce masa, "Baffa, girman kai ba ya tayar da saniya."

Ya ce, "Na sani, ɗiyata." Ya ɗauki sandarsa. Wannan karon bai mayar mata da wasa ba.

Washegari na rubuta wa Yamai. Na yi bayani a taƙaice, yadda aka koya mini a rediyo: a ƙara wa gida guri ɗaya, na inda yake zaune a yanzu, dabam da wanda yake bi, a kuma ɗauki magaza daga wannan gurin. Amsa ta zo cikin ladabi. Sun gode da shawarar, sun ga amfaninta, za a duba ta a sabon tsarin da za a fitar bayan damina. A halin yanzu kada a taɓa tsarin, domin duk birorin ƙasa da shi suke aiki.

Na zauna a ɗakin nan da fanka a kashe, ina kallon akwatuna uku a jere. Ba zan iya ƙara guri ba. Ba zan iya sauya komin ba tare da kwashe jama'a ba. Mutumin kuma ba zai shiga ƙauyen wani ba. Abin da ya rage ɗaya ne, kuma na daɗe ina kewaya shi kafin in kalle shi. Jerin ƙauyukan kansa ina da makullinsa, na gyaran kurakuran rubutu. Idan na ƙirƙiri sabon ƙauye, na sa masa sunan ardon, na sa ardon a matsayin shugabansa, amma na kafa shi a komin Sarkin Hausa, to ga rijiya ta biyu, wadda guga ɗaya ne kawai a cikinta.

Na gaya wa shef. Mutum ne mai taka-tsantsan wanda ritayarsa ta kusa. Ya daɗe yana goge tabaransa, sannan ya ce ba ƙarya ba ce tun da mutumin yana nan, shanun suna nan, ardon ma yana nan, amma ba gaskiya ba ce tun da ƙauyen babu shi.

"Ni ban gani ba," in ji shi. "In Yamai ta tambaya, sunanka ne a kan makullin."

Aka aika wa dattijon ta bakin mai masaukinsa. Da ya zo, bai karɓi kartin ba sai da ya sa na karanta masa duk abin da ke jiki, daga sama har ƙasa. Da na kai sunan ardo ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya sa kartin cikin malfarsa. Ma'aikacin dabbobi ya je har gonar a kan babur ya ga garken, domin yanzu a kominsa yake, aka buga hatimi, amalanke ya koma da dusa da angurya.

Na ɗauka na fita ke nan. Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne direban ƙungiya. Duk ranar kasuwa yakan zo daga Maradi da ɗan makullin bayanai, wanda muke ce wa kile, mai ɗauke da sabon jerin ƙauyuka daga Yamai. Da an soka shi, jerinmu ya goge, nasu ya hau. Ranar da dattijon ya dawo ɗaukar kaso na biyu, sakatariya ta buɗe gidansa ta tarar da akwatin ƙauye fari fat, na komin fari, na magaza fari. Gidan yana nan, amma yana riƙe da igiyar da ba kome a ƙarshenta. Ordinater ya ƙi amincewa da kartin. Dattijon yana zaune a kan benci yana jira, amalanke a rana. Na shiga ƙurya na sake gina ƙauyen, da lambarsa ta farko, akwatunan suka cika, aka auna masa.

Haka abin ya zama aikina na ranar kasuwa. Direba ya zo, a soka kile, ƙauye ya rushe, in sake ginawa kafin amalanke ya iso. Na nemi in sa na'urar ta riƙa yi da kanta, sai na tarar kile ɗin yana maye gurbin wannan sashe na manhajar ma. Na so in koya wa sakatariya, ta kuma iya, ba abin wuya ba ne. Shef ya hana. Ya ce makullin da sunan mutum ɗaya aka ba da shi, kuma ba zai yarda a sa hannun mace mai ƴaƴa cikin abin da shi kansa bai gani ba. Ban ga laifinsa ba.

A cikin wannan tsakani ne tsohon shugabana na rediyo, wanda ya koma wata babbar tasha a Maradi, ya kira ni. Suna neman mai karanta labarai, kuma ya ambaci sunana. Aikin da na yi ta mafarki ne tun ina karanta ɓatan awaki. Ya ce in zo kafin wata ya mutu. Na ce ya yi mini haƙuri zuwa saukar ruwa, akwai abin da ba zan iya bari a hannun kowa ba. Ya tambaye ni mene ne. Na fara bayani, na ji yadda yake fita daga bakina, wani akwati, wani ƙauyen da babu shi, shanun wani dattijo, sai na taƙaita na ce aiki ne ban gama ba. Ya yi dariya ya ce labarai ba sa jiran damina. Bayan ƴan kwanaki na ji sabuwar murya a tashar, ta wani saurayi mai gaggawa da ke haɗiye ƙarshen kalmomi.

Labari kuwa ya riga ya zaga rijiyoyi. Wasu makiyayan suka fara zuwa, mutanen ardon nan da ke rani a ƙasar Mayahi, sannan mutanen wani ardon, sannan wasu Buzaye daga wajen El Alasan Mai Rairai waɗanda shugabansu ke can arewa. Kowa da tambaya iri ɗaya, ko a nan ne ake rubuta mutum da shugabansa ba tare da an tura shi wata ƙasa ba. Shef yakan shiga bayi ko ya tafi salla idan ya hango su. Ƙauyena ɗaya ya zama ƙauyuka. Na daina zuwa Tasawa ganin mahaifiyata idan tafiyar za ta haɗa da ranar kasuwa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, a kan babur aka kawo ni biro, na gina su na koma na kwanta.

Ruwan farko ya sauka da wata la'asar, mai ƙarfi, har ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa muka ɗaga batura kan tebur. Ba a daɗe ba ƙasa ta yi kore. Ranar kasuwar da ta biyo bayan fitowar ciyawa, amalanke ya zo ba dattijon. Mai masaukinsa ya ce dattijon ya tashi da asuba, ya yi arewa, tun da gonaki sun tsira kuma zaman shanu a cikinsu ya ƙare. Tsofaffin shanu biyu sun mutu kafin ruwa. Sauran da ƙafarsu suka tashi, ba wanda ya kama wutsiya. Ya bar saƙo a gaya wa baiwarsa ta biro cewa ya ƴanta ta zuwa rani mai zuwa, a kuma gaya wa mai rediyo ya riƙe masa gurinsa.

Sakatariya ta ce ai dama Bafulatani ba ya sallama, ta juya tana share ido da gefen mayafi.

Sabon tsarin da aka ce za a fitar bayan damina bai fito ba. Abin da ya zo shi ne takardar sabunta kwantiragina, domin rahoton shef ya nuna cewa biron Mayahi ne ya fi kowane samun makiyaya, kuma ana ganin manhajar na buƙatar mai kula da ita a kusa. Na karanta ta a ɗakin ƙurya, na sa hannu. Ana cikin haka na ji ƙarar motar direba a ƙofa. Sakatariya ta karɓi kile ta soka, ta jira ya gama, ta buɗe gidan dattijon ta saki asabarin ƙauyuka har ƙasa.

"Malam," ta kira ni, "garinka ya sake faɗuwa."

Na jawo kujera.